Wa Ya Kamata Ya Shafe Gidan Ma'aikaci, Mai Gida Ko Mai Fenti?

Kowace shekara in damina ta ɗauke, mai gida ya fito da safe ya dubi abin da ruwa ya yi wa gidansa, sai ya tarar gindin katanga ya yi baƙi, ƙarƙashin indararo ya yi zane-zane, fentin zaure kuwa ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon rogo. In kuwa Salla ta matso, ko akwai bikin 'ya a gaba, sai tunani ya tashi: in sayi burushi in shafe da kaina, ko kuwa in kira mai fenti? Malaman makaranta da akawuna da yawa sun yi mana wannan tambaya, waɗansu a ofis, waɗansu wajen rangadi, shi ya sa muka ga ya kamata mu amsa ta a nan gaba ɗaya. Maganar ba ƙarama ba ce ga mai albashi, domin shafen gida sukutum ya kan cinye albashin wata, ko fiye, wanda kuwa ya yi kuskure a ciki sau biyu zai biya.

Amsarmu a taƙaice ita ce, kada mutum ya fara da duban aljihunsa, ya fara da duban bangonsa. Bango shi zai gaya masa aikin da hannunsa zai iya, da wanda ya zama tilas ya bar wa masu sana'a. Ba a littafi muka koyi wannan ba, wuya muka sha muka koya, ga kuwa yadda abin ya faru.

Abin Da Ya Same Mu A Kwaleji

Shekarun baya an gina mana sababbin azuzuwa a kwalejin horon malamai inda muke aiki, aka gama filasta saura kwana goma manyan baƙi su zo buɗewa. Muka zauna muka yi lissafi, muka ga ladan masu fenti ya yi mana yawa, ga ɗalibai majiya ƙarfi cike da makaranta. Sai muka yanke shawara mu sayo fenti mu raba musu burushi. Muka ce kuma a shafa fenti mai mai daga ƙasa zuwa daidai kafaɗa, don ko hannun yara ya ɓata bango a iya wankewa.

Akwai wani dattijo birkila da ya yi aikin filastar, yana tattara kayansa ya ji abin da muke shiryawa. Ya matso ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, bangon nan bai sha iska ba tukuna. A bar shi ya yi wata guda." Muka ce, "Baba, ai ga shi ya bushe, har ya yi fari." Ya ce, "Fuskarsa ce ta bushe, Malam, cikinsa ɗanye ne." Muka yi masa godiya irin wadda ake yi wa mutum in ba a yi niyyar bin maganarsa ba, ya ɗauki cokalinsa ya tafi.

Ranar buki azuzuwa suka yi kyau ƙwarai, baƙi suka yaba, mu ma muka yaba wa kanmu. Kafin zangon karatu ya ƙare fentin ya yi ƙuraje, in ka taɓa sai ka ji yana danƙo, waɗansu wurare kuma yana saɓulewa falle-falle. Daga ƙarshe masu fentin nan da muka guje wa su muka kira, muka biya su ladan kankarewa, muka sake sayen fenti, muka biya su ladan shafawa. An ce araha ba ta ado, mu kam mun gani da idonmu.

Abin lura a nan shi ne ba hannun ɗalibai ne ya gaza ba, sun shafa sumul, ba wanda zai kushe. Iliminmu ne game da bango ya gaza. Sabon siminti yana da kaifi irin na ruwan toka, kowa kuwa ya san abin da mata ke samu in sun haɗa ruwan toka da mai, watau sabulu. To, abin da ya faru ke nan a jikin bangonmu: kaifin siminti ya haɗu da man fenti, danshin da ke ciki kuma ya rasa hanyar fita, ya ture fentin waje. Dattijon nan bai taɓa shiga ajin kimiyya ba, amma ya san wannan tun yana yaron magini. Kuɗin da ake ba gwani, mafi yawansa ladan irin wannan sani ne, ba ladan jan burushi ba.

Yadda Magabata Suka Raba Aikin

Tambayar nan ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa, magabata kuwa sun riga sun warware ta da kyau. A gidan ƙasa, shafen cikin ɗaki aikin mutanen gida ne. Mata su ke jiƙa farar ƙasa su shafe bango da tsumma, su zagaye gindinsa da jar ƙasa, in za a kawo amarya kuma su taru su yi daɓe, su yayyafa makuba, watau ruwan ɓawon ɗorowa da aka jiƙa, don daɓen ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Ba wanda ke biyan kowa, sai dai abinci da goro, gobe kuma a rama wa wadda ta zo.

Amma yaɓen soro, da gyaran zankwaye, da dasa indararo, da zanen fuskar zaure irin wanda ake gani a Kano da Zariya da Damagaram, waɗannan na magina ne, ba mai gidan da ke taɓa su komai ƙarfinsa. Haka kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da yauƙin dafara don ya hana ruwa shiga soro, sai wanda ya gada ko ya yi shekaru yana koyo. Magina suna da sarkinsu, sana'ar kuma tana da daraja, har yau ana tunawa da Babban Gwani Mika'ilu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Ashe ke nan ƙa'idar tsofaffi ita ce, abin da ke ƙasa, ga sauƙi, kuma in an ɓata ana iya sakewa, na gida ne. Abin da ke sama, ko mai tsare gida daga ruwa, na gwani ne.

Abin da ya rikita mu shi ne sauyin kayan gini. Siminti ya yawaita, musamman bayan da masana'antar Kalambaina ta Sakkwato ta fara aiki a 1967, bulo ya maye gurbin tubali, fentin gwangwani ya maye gurbin farar ƙasa. A zamanin En'e kuma, kafin a mai da ita ƙananan hukumomi a 1976, sashen ayyuka ne ke kula da ofisoshi da makarantu, ma'aikaci ya saba ganin an turo leburori sun yi gyara ba da saninsa ba. Yau yawancinmu gidan kanmu muke ciki ko gidan haya, nauyin ya dawo wuyanmu, ga shi mun bar sanin iyaye mata, ba mu kuwa kama na masu fenti ba.

A Fara Tambayar Bango

Kafin a sayi ko da gwangwani ɗaya, mai gida ya ɗauki yini guda ya zagaya gidansa ya yi gwaji huɗu, ba kuwa wanda zai ci masa kwabo.

Na farko, ya shafa tafin hannunsa a bango. In hannun ya fito da farin gari, to tsohon shafen ya mutu, ko kuwa farar ƙasa ce. Fenti ba ya kama gari, sai an kankare an wanke an bari ya bushe. Mutane da yawa sun yi hasarar fenti mai tsada don sun ɗora shi a kan farar ƙasa.

Na biyu, ya ƙwanƙwasa bangon da ɗan itace wuri-wuri. Inda ya ji amo kamar na ganga, filasta ta rabu da bulo, nan ba da daɗewa ba za ta faɗo, da ita da fentin da ke kanta.

Na uku, ya dubi tsaga. Siririya kamar gashi ba komai, ana cike ta da hannu a goge da samfefa. Amma wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta yi gicciye, ko wadda ake hango ta ciki da waje, ko wadda ke ƙara buɗewa kowace shekara, wannan maganar harsashi ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Rufe irin wannan tsaga da fenti kamar sa wa mai ciwo sabuwar riga ne a ce ya warke.

Na huɗu, ya gwada danshi. Ya sami leda mai faɗin tafin hannu biyu ya manna ta a gindin bango, ya liƙe gefunanta duka, ya bar ta kwana ɗaya ko biyu. In ya ɗaga ya ga raɓa a ƙarƙashinta, ko wurin ya yi duhu, ruwa na cikin bangon. Farin gishirin nan da ke tsatsafowa a gindin katanga kamar kanwa shi ma shaida ne. A nemi inda ruwan ke fitowa, ko kwano ne ke yoyo, ko indararo ke zuba a jikin gini, ko kwata ce ta toshe, ko makewayi ne a bayan ɗakin. Ba fentin da aka taɓa yi a duniya wanda zai zauna a kan bango mai shan ruwa.

In bango ya ci gwajin nan huɗu, mai gida na iya shafe shi da kansa. In ya faɗi na farko kaɗai, aiki ne na haƙuri, shi ma ana iyawa. In ya faɗi sauran, birkila za a fara kira, ba mai fenti ba. Masu gidan ƙasa kuma su lura, ginin ƙasa yana bukatar numfashi. Fenti mai mai ya kan kulle danshi a ciki har ƙasar ta ruɓe a ɓoye, saboda haka yaɓe da farar ƙasa sun fi dacewa da shi, ko da maƙwabta za su ce ba a waye ba.

Lissafin Da Ya Kamata A Yi

Mu da muke koyar da lissafi, abin kunya ne mai kanti ya gaya mana yawan fentin da ɗakinmu zai ci. Ga misali. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi, 10 tsayi, kewayensa ƙafa 48 ne, in an ninka da 10 ya zama murabba'in ƙafa 480. A cire ƙofa mai ƙafa 3 da 7, watau 21, da taga mai ƙafa 4 da 4, watau 16, saura 443. Shafe biyu ake yi, ya zama 886. Lita ɗaya ta fenti mai ruwa na kirki ta kan rufe kimanin murabba'in ƙafa 100 a bango mai santsi, ke nan lita 9 ake bukata. In za a haɗa da silin, 144 sau biyu 288 ne, a ƙara lita 3. Jimla lita 12. Bokiti mai lita 20 zai gama ɗaki ɗaya da ragowa mai yawa, amma ba zai kai ɗaki biyu da silin ɗinsu ba. Sabuwar filasta da bango mai kaushi sun fi haka sha, fenti mai araha kuma sau da yawa sai an yi shafe uku kafin ya rufe, saboda haka a karanta abin da aka rubuta a jikin bokiti kafin a biya.

Kuɗin fenti ɗaya ne, ko kai ka shafa ko wani. Abin da mai yi da kansa ke tsira da shi ladan aiki ne kaɗai, daga cikinsa kuma sai ya cire kuɗin burushi da rola da samfefa da abin kankara da aron tsani, waɗanda mai fenti ya kan zo da nasa. In ɗaki ɗaya ne tak, wani lokaci ribar ba ta taka kara ta karya ba. In kuwa mutum zai adana kayan ya wanke su ya riƙa amfani da su shekara da shekaru, ribar tana da yawa.

Sa'an nan a sa lokaci cikin lissafi. Shafawa ita ce ƙaramar rabin aikin. Fitar da kaya, rufe daɓe da tsofaffin jaridu, kankara, cike ramuka, guga, share ƙura, waɗannan su ke cin yini. Malamin da ke da hutun zango yana da sarari. Akawun da ba shi da komai sai Asabar da Lahadi, in ya tayar da gida duka a lokaci ɗaya, iyalinsa za su yi wata guda suna kwana tsakanin bokitai, uwargida kuwa ba za ta yafe masa da wuri ba. Irin wannan ya bi ɗaki ɗaya ɗaya, ko ya ba da jinga.

Lokacin shekara ma yana cikin lissafi. Da damina bango ba ya bushewa. In hunturu ya kankama, ƙura ta kan manne a ɗanyen fenti, musamman mai mai wanda ke kwana kafin ya bushe. Da bazara kuwa, bangon da rana ta gasa ya kan busar da fenti tun bai kama ba. Mafi kyau shi ne 'yan makonnin nan na bayan ɗaukewar ruwa, bango ya sha iska, hazo bai sauko ba, a kuma riƙa bin inuwa, a shafi yamma da safe, gabas da la'asar.

Abin Da Ya Fi Kuɗi

Akwai abubuwa uku da ba a auna su da naira. Na farko tsani. Mutumin da ya yi shekara ashirin a kan kujerar ofis, ranar da ya hau tsani da bokiti a hannu ɗaya, burushi a ɗaya, ya sa ransa a hatsari. Wanda ya zama dole ya hau, ya tuna ƙa'ida: kowace ƙafa 4 ta tsayi, gindin tsani ya nisanci bango da ƙafa 1, wani ya riƙe masa, kada ya miƙa jiki gefe don ƙyashin saukowa, ya kuma dubi inda wayar lantarki ta shigo gida. Tebur a kan tebur, ko kujera a kan ganga, ba tsani ba ne. Bene kuwa, da duk abin da ya wuce tsayin ɗaki ɗaya, a bar wa masu abin takawa. Karayar ƙugu ɗaya ta fi ladan masu fenti goma.

Na biyu wari da wuta. Fenti mai mai da kananzir ɗin da ake sirka shi suna tashi cikin iska, su sa jiri da ciwon kai, suna kuma kama wuta. A buɗe tagogi duka, a nisantar da murhu da fitila da taba, kada mai ciki ko jariri ko mai asma su kwana a ɗakin sai warin ya fita sarai.

Na uku shi ne wanda ba a gani, watau dalma. An daɗe ana sa dalma cikin fenti mai mai don launi ya fito ya kuma yi saurin bushewa. Amurka ta hana ta a fentin gida tun 1978, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana kira ga ƙasashe kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan, amma binciken da aka yi a kan fentin mai na kasuwannin ƙasar nan ya sha gano ta fiye da haka nesa, musamman a rawaya da ja. Mutanen Arewa ba sa bukatar a gaya musu abin da dalma ke yi. A 2010 ɗaruruwan yara suka mutu a ƙauyukan Zamfara saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Wancan daga ma'adini ne, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce. Kaɗan daga cikinta ya isa ya dakushe ƙwaƙwalwar yaro, ba kuwa a gane ba sai ya shiga aji ya kasa fahimta, mu malamai mu ce daƙiƙi ne. Saboda haka tsohon fenti mai mai na ƙofofi da tagogi da ƙarafa, kada a goge shi a bushe, kada a ƙona shi. A jiƙa kafin a kankare, a fitar da yara, a tattara ɓarɓashin a ƙulle a leda, a goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma, mai aikin ya wanke jiki ya sake tufa kafin ya ɗauki ɗa ko ya ci abinci. Wannan sharaɗi yana kan mai gida, yana kuma kan mai fentin da aka ɗauka, don da yawa cikinsu ba su taɓa jin labarin ba. Wajen sayen sabo kuma a nemi wanda aka rubuta ba dalma a cikinsa.

In Za Ka Yi Da Kanka

Bangon cikin ɗaki mai lafiya, da tsakar gida, da katangar da hannu ke kaiwa, da fenti mai ruwa ko farar ƙasa, duk mai hankali zai iya. Sabuwar filasta a ba ta mako huɗu aƙalla. Shafen farko a kanta a sirka shi da ruwa don ya shiga jikin bango, na biyu kuwa kada a zuba ruwa fiye da abin da masu fentin suka rubuta. A fara da silin, sa'an nan bango daga sama zuwa ƙasa, ƙofofi da tagogi daga ƙarshe. A gama bango guda kafin a huta, in ba haka ba mahaɗar za ta fito. A bar sa'o'i kaɗan tsakanin shafe da shafe. Siriri sau biyu ya fi mai kauri sau ɗaya. Fenti mai ruwa ba ya kama kan mai mai sai an kashe sheƙinsa tukuna. Wanda bai taɓa yi ba ya fara da ɗakin ajiya, inda kuskurensa ba zai gaishe da baƙi ba.

In Za Ka Kira Mai Fenti

Ba a cinikin biri a sama. Kafin ka ɗauki mutum, je ka ga gidan da ya shafe bara, ba wanda ya gama jiya ba, don kowane fenti kyakkyawa ne ran da aka shafa shi. Ka lura da abin da ya fara yi da ya shigo gidanka. In ya taɓa bango, ya ƙwanƙwasa, ya tambayi yaushe aka yi filasta, gwani ne. In ya tsaya a tsakar gida ya faɗi kuɗi, lebura ne da burushi.

Ka auna gidan da kanka, ku tafi kanti tare, ka biya ka karɓi rasit, a buɗe bokiti a gabanka. Wannan ya kan kawar da zargin an sirka ko an sauya, ya tsare mutuncinku duka biyu. Jinga ta fi biyan yini, amma a rubuta ta a takarda gaban shaida: ɗakuna nawa, kankara da cike tsaga suna ciki ko babu, shafe nawa, wa zai share wurin, yaushe za a gama. Ku akawuna kun fi kowa sanin amfanin takarda, abin mamaki ne mutum ya yini yana rubuta ta gwamnati, ya zo nasa aikin ya yi da baki. A ba da kafin alƙalami kaɗan, wani kashi in an gama shiri, sauran in an gama duka ka duba da rana.

Amma fa in ya cika nasa, ka cika naka a ranar. Muna jin kukan masu sana'a cewa ma'aikata sun fi kowa wuyar biya, kullum sai a ce a jira ƙarshen wata. Mutumin nan da abin da ya samu yau zai yi cefane. Wanda kuma ya matse lada har ya wuce kima, shi ya koya wa mai fenti zuba ruwa a bokiti.

Kalma Ga Malamai

Akwai masu ƙin riƙe burushi ba don tsoron tsani ba, sai don kada a ga malam da fenti a riga. Wannan girman kai ne marar tushe, yaranmu kuwa suna kallo. Ɗan da ya ga ubansa ya tuɓe babbar riga ya shafe ɗaki, ya riƙe masa bokiti, ya auna bango tare da shi, ya koyi lissafin murabba'i fiye da yadda allo zai koya masa, ya kuma koyi cewa ilimi ba ya hana aikin hannu. Akwai kuma masu ganin tun da sun yi karatu ba abin da birkila zai gaya musu, mu ma muna cikinsu a da, kun ji yadda muka ƙare. Duka biyu cuta ɗaya ce, raina sana'a.

Muna roƙon shugabannin makarantu su sa ɗalibai manya su riƙa shafe azuzuwansu da farar ƙasa ko fenti mai ruwa sau ɗaya a shekara, amma a gayyato mai sana'a daga cikin gari ya tsaya a kansu, a biya shi, a kuma girmama shi gaban yara kamar kowane malami. Kada a sa yaro hawa sama, kada a sa shi kankare tsohon fenti mai mai.

Dattijon nan birkila har yanzu ya kan zo kwaleji in aiki ya taso. Bai taɓa tuna mana da maganar ba, mu ne muke tunawa. Duk lokacin da za a taɓa bango yanzu, shi muke fara kira ya ƙwanƙwasa, in ya ce a jira sai mu jira, in ya ce bangon lafiya lau, sai mu raba wa ɗalibai burushi. Azuzuwan da aka shafe bisa shawararsa sun ga damina da yawa, fentinsu na nan daram. Muna fata kowane mai gida cikin masu karatunmu zai zagaya gidansa a wannan mako ya yi gwajin nan huɗu kafin ya taka ƙofar kanti. Allah ya sa mu dace.